Azarar Ɗakin Rabi

Jiya da la'asar da na ce muku sana'ata zaɓe ce, kuka kwashe da dariya a bakin teburin mai shayi. Ɗayanku har ya zaro waya, wai ya duba ya ga kalmar zaɓe a Turanci tana da dangi rututu, ya yi ta karanto mini su, sannan ya ce, "To Baba Tanimu, duk cikinsu babu wadda ake zufa a kanta. Nuni da yatsa ne kawai." Ban tanka ba, don magariba ta kawo jiki, ni kuma idan na fara ba na iya tsayawa. Amma maganar ta hana ni sakat, shi ya sa yau na riga ku zuwa. Ai mu ma muna da namu kalmomin. Wanda ya shiga kasuwa ya sunkuci abin da ke sama, ɗauka ya yi. Matar da ke fitar da tsakuwa daga shinkafa, tsinta take yi. Mai raba manya da ƙanana, warewa yake yi. Zaɓe kuwa shi ne ka ce "wannan," mutane su shimfiɗa tabarma su yi barci a ƙarƙashin abin da ka ce. Ni azara nake zaɓa.

Na san a cikinku akwai wanda aka haifa ƙarƙashin kwano, bai taɓa ɗaga kai ya ga azara ba. Giginya ce ake kayarwa a tsaga ta a tsaye, a fitar da dogayen itatuwa baƙaƙe masu kaushi. Su magini ke jerawa a kan bango, ya shimfiɗa zana, ya zuba ƙasa ya daddaɓe. Duk nauyin ƙasar nan, da na ruwan da za ta sha da damina, a kan azara yake. Magini ya san ƙasa, amma ba kowane magini ne ya san itace ba, saboda haka a da kafin a ɗora komai sai an kira irinmu.

Wurin Kawu Iro na koya, ƙanin mahaifiyata, a nan Ƙofar Galadima. Ranar da ya fara kai ni daji, can kudu inda giginya take tsaye kamar shuka ta aka yi, na hango wata doguwa santaleliya na ce ga tamu. Kawu ko tsayawa bai yi ba. Ya ce, "Ba ka ga 'ya'ya a wuyanta ba? Mace ce. Bar ta ta ciyar da birai." Macen giginya cikinta laushi ne, gara na son ta. Namiji ake nema, wanda ba ya 'ya'ya, kuma tsoho. Shi ɗin ma ba dukansa ba. Daga gindi zuwa inda cikinsa ya fara kumbura, nan ne itace, daga nan zuwa sama kuwa sai dai a yi rumfar awaki. In an tsaga kuma, bayan ne mai ƙarfi, tsakiyar totuwa ce, sassaƙewa ake yi a yar. Muka yini muna ratsa ƙaya muna wuce itatuwa, ni ƙafa ta kumbura ina ƙunƙuni, shi ba abin da yake cewa sai "ba wannan ba." Muka koma ƙauye ba mu sa wa ko ɗaya alama ba, na kwanta ina cewa a raina tsohon nan yawo kawai yake so.

Kayan aikin ba su cika jaka ba. Gatari da guduma da ƙarafan tsaga na masu sara ne. Mai zaɓe gizago ne nasa. Da bakinsa kake ɗan sassaƙa ka ga launin ciki, da ƙeyarsa kake ƙwanƙwasawa. Azara mai kyau in ka buga ta amsawa take yi ƙau, kamar ka taɓa ƙarfe, har ka ji a gwiwar hannunka. Marar kyau sai ta ce buf, kamar ka bugi buhun dusa. Waɗannan biyun ko ku za ku raba su. Wahalar tana tsakani, wurin wadda ta amsa ƙau a kai, ta amsa ƙau a gindi, amma a tsakiya muryarta ta ɗan dushe. Ita ce ke yaudarar mutum, kuma ita ce ke karyewa. Kawu kan ɗaure mini ido da rawaninsa ya sa ni in bi tuli ina bugawa ina fitarwa, in na bar mai dusasshiyar murya a ciki sai in ji ranƙwashi. Na yi shekaru a haka kafin ya bar ni in buɗe baki a gaban mai gida.

Masu gida kuwa, Allah ya ba su haƙuri, ya ba mu. Mutum ya sayo azara mota guda, ya kira ka, ka ture rabi gefe, sai ya ga kamar da gangan kake yi. Akwai wani Alhaji da ya taɓa bin bayana, duk wadda na fitar sai ya sa a mayar cikin tuli. Ina fitarwa ana mayarwa, ina fitarwa ana mayarwa. Kawu yana zaune yana kallo, can sai ya miƙe ya kakkaɓe riga ya ce, "Tanimu, taso mu tafi, Alhaji ya iya." Sai a bakin zaure Alhajin ya cim mana yana ba da baki. Masu sayarwa ma ba ƙaunar ganinmu suke yi ba. Da sun hango gizago a kafaɗa sai ka ji, "Ga masu ɓata ciniki nan."

Kawu yana da wata ƙa'ida da ban gani wurin kowa ba. Duk rufin da ya zaɓa wa azara, ranar da aka yi ruwan farko mai ƙarfi, sai ya bar abin da yake yi ya tafi gidan. Ya yi sallama, ya shimfiɗa buzunsa a tsakiyar ɗakin, ya zauna da carbinsa har ruwan ya tsagaita. Na tambaye shi dalili, ya ce, "In zai faɗo, ya fara da wanda ya ce wannan." Tun da na fara zaɓe da kaina ni ma haka nake yi. Shi ya sa har gobe in hadari ya haɗu ba na iya zama wuri ɗaya, ko da babu rufin da ke jirana. Kun sha ganina ina kai da komo a layin nan kuna cewa Baba ya fara rikicewa.

Da zan auri Rabi, Kawu bai ba ni riga ba, bai ba ni akuya ba. Ɓacewa ya yi daga gari, sai ga shi ya dawo da azarar ɗaki guda daga wani kurmi da ya daɗe yana ɓoye wa kowa. Ban taɓa ganin irinta ba, kafin nan ko bayan nan. Baƙa wuluk, mutum biyu ke ɗaukar guda suna nishi, ƙusa in ka buga sai ta lanƙwashe. Ya sassaƙa alamarsa a jikin kowace, wani ɗan zane kamar sawun kaza. Da ita aka rufa ɗakin Rabi. A nan ta haifi 'ya'yanmu duka, da waɗanda suka rayu da waɗanda suka koma. Da bazara in gari ya ɗau zafi, maƙwabta kan kawo jariransu a kwantar a can.

Sai shekarar da ruwa ya ƙi ɗaukewa. Cikin watan Agusta aka yi ta yi safe da yamma, rana ba ta leƙo ba balle ƙasa ta sha iska. Soraye suka fara zubewa a cikin birni. Ni da Kawu, lokacin ya manyanta, muka yi ta zagaye cikin taɓo muna leƙa namu. Wasu sun yi yoyo, amma ba wanda ya karye. Abin da ya fi tayar da hankali shi ne wani ɗaki a bayan unguwarmu da ya rufta kan wata tsohuwa. An ciro ta da rai, amma ba ta ƙara takawa ba. Na je na ga azarar. Mace ce, gara ta cinye cikinta, da hannu kake murmushe ta. To amma wa zai tsaya tambayar mace ko namiji? Abin da gari ya ɗauka shi ne rufin ƙasa yana kisa. Da rani ya shigo ba ka jin komai sai ƙarar guduma a kan kwano. Aiki ya ɗauke ƙaf. Kawu ya rasu yana cewa aikin zai dawo, bai kuwa dawo ba. Ni na koma zaman shagon katako a Tudun Wada ina auna wa mutane falanki, in fita da safe in dawo da yamma rai a ɓace. In an kira ni zaɓe sau ɗaya a shekara, na gode Allah.

Bara, ana tsakiyar bazara, Hajiya Dije ta Kwarbai ta aiko a kira ni. Mijinta marigayi maɗinkin manyan riguna ne, kuma zauren gidanta shi ne na ƙasa na ƙarshe a layinsu. Har yanzu masu ɗinkin hannu na unguwar a nan suke zama da allurarsu, don ko'ina zufa na ɓata musu yadi ban da nan. Na shiga na ɗaga kai na dubi rufin. Indararo ya toshe tun daminar da ta wuce, ruwa ya kwanta a kusurwar gabas, azarar wannan ɓangaren ta ruɓe har rufin ya yi ciki. Ɗanta Nura ya zo daga Kaduna, yana tsaye hannu a ƙugu, ita kuma tana zaune a bakin ƙofar cikin gida.

Nura ya ce, "Baba Tanimu, ni ba ƙin zauren nan nake ba, a nan na yi rarrafe. Amma ta nan Hajiya take wucewa kullum, ga bayin Allah zaune. In ruwa ya sauka a kan wannan, me zan ce wa Allah? Na riga na yi magana da masu bulo."

Hajiya ta ce, "Masu bulo su jira in mutu."

"Haba Hajiya, don Allah."

"Kai, yi mini shiru. Tanimu, kai nake saurare. Yana gyaruwa ko ba ya gyaruwa?"

Na ce yana gyaruwa, in an sami azara. Nura ya ce ya yarda, amma da sharaɗi. In hadarin farko ya taso azara ba ta hau ba, zai fitar da mutane ya sa a rushe, ko Hajiya za ta yi fushi da shi. Na ce ya yi gaskiya. Da uwata ce, ni ma abin da zan faɗa ke nan.

Daga ranar ban ƙara zama ba. Dajin da muke zuwa da Kawu yanzu ba ya shiguwa, kun fi ni sanin dalili, masu saran da na sani kuma sun watse. Sai kasuwa. Duk inda aka ce an sauke azara na je, cikin birni da waje, a keke, a ƙafa, a bayan motar itace. Wani ya nuna mini tuli baƙi ƙirin, har raina ya yi fari. Na sa gizago na ɗan sassaƙa, sai ga ciki fari fat, hannuna ya yi maiƙo. Ashe baƙin man mota aka shafa wa mace don ta yi kama da namiji. Na dubi mutumin, ya dubi sama. Wani wurin kuma namijin ne, amma yaro, an kayar da shi bai ƙosa ba. Shi ne mai amsa ƙau a kai da gindi, ya dushe a tsakiya. Na buga, na buga, har kunnena ya riƙa ƙara ko ba na bugawa. Abinci ma a tsaye nake ci. Kullum da safe kafin in dubi kowa sai na dubi gabas, gajimare kuwa kullum ƙara kauri yake yi.

Ɗanlami magini, wanda zai yi aikin, ya riga ya kwaɓa ƙasa tana tsima. Wata safiya ya tare ni a bakin gidan Hajiya.

Ya ce, "Malam Tanimu, kana duban sama kuwa? Ka ɗauki mai dama-dama mana. Yaron namijin nan ai zai yi shekaru."

Na ce, "In ya yi shekarun sai kuma me? Lokacin ina kabari, wa zai zauna a ƙarƙashi?"

Ya ce, "To shi ke nan. In ka tsaya neman irin ta Kawunka, bulo za a sa, ni da kai duk mu huta."

Ban ji haushinsa ba, don ba ƙarya ya yi ba. Amma maganar ta biyo ni har gida. Na shiga da azahar ƙafa duk ƙura, na kishingiɗa a ɗakin Rabi in sha iska, na ɗaga kai. Ga sawun kaza nan a jere. Na tashi na fita tsakar gida. Na dawo. Na sake fita. Rabi tana bakin ƙofa tana tsintar wake a faifai, ta ce, "Malam, ko dai ka zauna ko ka fita, kana tare mini haske." Na jawo turmi na kifa, na hau da gizago, na ƙwanƙwasa ta farko. Ƙau. Na bi su ɗaya bayan ɗaya, kai da tsakiya da gindi, duk suka amsa kamar jiya aka ɗora su. Wallahi na so ko ɗaya ta dushe, in sami hujjar sauka in bar maganar.

Na sauko na tsuguna kusa da ita ina ta kewaye-kewaye, ina ba ta labarin zafin bana. Ta ajiye faifai ta ce, "Rufin ɗakina kake so ka kai Kwarbai."

Na ce, "Tunani ne kawai."

Ta yi dariya. "Shekara nawa ina roƙon ka kwano? Kowace damina ina fama da yaɓe da sharar ƙasa, ka ce kwano na masu gaggawa ne. Ashe sai Hajiya Dije ta yi magana za a ji."

Na ce, "In ba kya so, an bar maganar."

"Na ce maka ba na so? Mu biyu muka rage a gidan nan, can kuwa mutane ne cike. Cire."

Ta ɗauki faifanta ta ci gaba da tsinta. Amma ranar da Ɗanlami ya zo da mutanensa, tun da sassafe ta yafa mayafi ta ce za ta dubiya gidan ƙanwarta. Ƙanwar nan lafiyarta lau. Ba ta dawo ba sai da aka gama aka share. Ni na tsaya, don sai na ga yadda za a zare kowace kada a ji mata ciwo. Ba zan ɓoye muku ba, da aka yaye ƙasar, rana ta faɗo cikin ɗakin nan ta sauka daidai inda gadonta yake, sai da na juya baya. Abin ya yi mini ciwo ƙwarai.

Da amalanke ta sauke azarar a Kwarbai, Hajiya ta leƙo ta ga alamar, ta gane. Ta ce, "Tanimu, ashe har haukan Iro ka gada?" Nura da ya ji inda azarar ta fito, washegari sai ya aiko da kwano da kafinta aka rufa ɗakin Rabi. Mu kuma muka duƙufa. Aka jera azara, aka shimfiɗa zana, aka zuba ƙasa, aka buɗe indararo, aka bi saman da yaɓen makuba don kada ruwa ya ratsa. Hadari yana haɗuwa yana watsewa, Ɗanlami yana aiki yana zagina ƙasa-ƙasa. Allah ya yi mana kara, rufin ya sami rana ya bushe.

Ruwan farko ya zo wata Laraba bayan la'asar. Da iska ta taso na suri buzuna na nufi Kwarbai, ba keke, kowa gudu yake yi. Na isa na tarar masu ɗinki sun naɗe kayansu suna tsaye cirko-cirko a bakin ƙofa, ba wanda ya yarda ya matsa ciki. Na wuce kusurwar gabas na shimfiɗa buzu na zauna, na ciro carbi. Ruwa ya kece. Idona a sama, ina jiran in ga ɗigo ko in ji ƙas. Babu. A cikin zaure shiru, sai indararo da ke zuba a waje. Can sai ɗaya daga cikinsu, wani dattijo, ya shigo ya zauna ya zare allura daga hularsa. Sauran suka biyo shi. Hajiya ta sa aka kawo mata kujera bakin ƙofar ciki, tana zama wayarta ta yi ƙara. Nura ne, kuma duk muna jin muryarsa.

"Hajiya, an ce ana ruwa a Zariya, amma ban ji ƙara ba."

Ta ce, "Ana yi kamar da bakin ƙwarya. A zaure nake."

Da ya tsagaita na naɗe buzu na yi musu sallama. Ina sa ƙafa a gida ya dawo da ƙarfinsa. Na faɗa ɗakin Rabi a guje, na tarar da ita zaune a bakin gado ƙarƙashin sabon kwano, ƙara kamar ana juye tsakuwa a tasa. Ta dube ni ta yi magana. Na ga bakinta yana motsi, ban ji ko kalma ɗaya ba. Na matso, ta sake faɗa, ban ji ba. A ɗakin nan da, ana ruwa kana jin numfashin jariri. Sai ta ɗaga hannu ta nuna wajen Kwarbai da yatsa, ta tsura mini ido. Na gyaɗa kai. Ta gyaɗa nata, ta matsa mini wuri, muka zauna muna jiran ruwan ya ɗauke mu yi magana.